Rediyon Unguwa da Haƙƙin Matan Cikin Badala: Tsokaci Daga Yakasai

A mafi yawan tsofaffin gidajen cikin birnin Kano akwai iyakar da namiji baligi ba ya tsallakewa sai da izini. Zai tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, a aiko yaro ya tambayi ko wane ne, in ya ci sa'a a shimfiɗa masa tabarma a soro, daga nan kuwa sai muharrami. Wasu gidajen ma har rubutawa suke yi da gawayi ko fenti a jikin bango: ba shiga. Baƙo ɗaya ne na sani wanda wannan doka ba ta taɓa hawa kansa ba, shi ne akwatin rediyo. Tun daga 1944, lokacin da Turawan mulki suka jawo wa Kano rediyon nan na waya wanda ba a iya canja masa tasha, zuwa buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957 da Rediyon Kaduna a 1962, wannan baƙo yake ta kutsawa har sai da ya sami wurin zama a bakin murhu. Duk wanda ya ratsa lungunan Yakasai da hantsi, bayan magidanta sun fita kasuwa yara sun tafi makaranta, zai ji shi yana magana ta kan katanga, gida bayan gida, yayin da ake tuyar ƙuli-ƙuli, ko ƙulla alala, ko ɗinkin hula. Yau ma da wayar hannu ta game gari, matar da ba ta da kuɗin data tana da belin kunne da take kama tashar FM da shi.

Ni haifaffen wannan unguwa ne, kuma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne: tun da baƙon nan ya sami irin wannan alfarma, me yake gaya wa iyayenmu mata da ƙannenmu game da haƙƙinsu? Wa kuma yake zaɓa masa abin da zai faɗa?

Ba zan raina abin da aka samu ba. Wanda ya san Kano kafin watan Disambar 2003, lokacin da Freedom Radio ta fara watsa shiri daga Sharaɗa a matsayin gidan rediyo mai zaman kansa, ya san an yi tafiya mai nisa. A da mutum saurare kawai yake yi, amma daga wannan lokaci ya zama yana iya ɗaga waya ya ce ga rami a titinmu, ga wata uku ba mu ga ruwan famfo ba. Bayanta tashoshi suka yi ta ɓullowa, Dala da Rahma da Express da Arewa da sauransu, har ya zama allurar rediyo ba ta matsawa kaɗan ba ta faɗa kan wata tasha ba. Akwai mata ma'aikata a cikinsu, wasunsu ma gwanaye ne na gaske, akwai kuma filayen mata. Sai dai gidan rediyon kasuwa kasuwa yake ci. Man janareta da albashi da kuɗin lasisi ba da fatar baki ake biyansu ba, don haka lokaci mafi daraja na wanda ya fi tsoka ne a aljihu. Shi ya sa daren Kano ya zama na sojojin baka, masu sayen minti biyar su wanke ubangidansu su shafa wa abokin hamayya kashin kaji, da kuma masu tallar maganin gargajiya waɗanda wani lokaci sai uba ya rage sauti in 'ya'yansa na kusa. Bazawarar da aka kora da goyon wata huɗu ba ta da kuɗin sayen minti biyar, kuma ba ta da ubangida.

Wannan giɓi ne ake nufin rediyon al'umma ya cike. Ma'anarsa a taƙaice ita ce ƙaramar tasha wadda mutanen wuri guda suka mallaka, su suke zaɓen masu kula da ita, ba a kafa ta don riba ba, kuma masu sauraron su ne masu gabatarwa. Ba sabon abu ba ne a duniya, don tun 1947 aka fara irinsa a wani ƙauye mai suna Sutatenza a ƙasar Kolombiya, domin koya wa manoma karatu. Nijeriya ce dai ta makara, makara kuwa mai ban kunya. Dokar da ta kafa hukumar NBC a 1992 ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, har Ray Power ta fara aiki a Legas a 1994, amma al'umma sai da suka yi ta jiran gawon shanu. Ƙungiyoyi sun soma fafutika tun 2003, Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da umarni a 2010, ba a kuma raba lasisin farko ba sai a watan Mayun 2015, guda 17 kacal ga ƙasa mai ƙananan hukumomi 774. Ɗaya daga cikinsu shi ne na Lavun da ke Kutigi a Jihar Neja. Tashoshin jami'o'i irin ta Bayero, duk da ana lissafa su a wannan aji, al'ummarsu ɗalibai ne da malamai.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, waɗanda muke yawan yi wa kallon na baya, sun riga mu da shekara 16. A 1999 aka buɗe tashar farko a Bankilare, can yammacin ƙasar, da ɗan ƙaramin injin watsa shiri da hasken rana, bisa tallafin hukumar UNDP. Kafin a yi wasu shekaru tashoshin sun haura 100. Abin da ya fi burge ni a tsarin nasu shi ne abin da aka gina a gefen tashoshin. Tun daga 2009 hukumar FAO ta taimaka aka kafa ƙungiyoyin sauraro da ake kira Dimitra, na mata daban na maza daban, a ba su rediyo mai aiki da hasken rana da wayar hannu, su saurari shiri tare, su tattauna, su mayar wa tashar da martani. A ƙauyen Banizumbu ta wannan hanya mata suka zauna da masu gonaki har aka ba su filin lambu a rubuce na tsawon shekara 99. A 2016 kuma aka buɗe Studio Kalangou a Yamai, wanda aka tsara don shirya labarai da muhawara cikin Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan ƙasar a aika wa ƙananan tashoshi su watsa, batun mata kuwa na cikin manyan abubuwan da ya sa gaba. Ƙasar da aka faro asusun Mata Masu Dubara a Maraɗi tun 1991 ta gane da wuri cewa mata in suka zauna wuri ɗaya suka ji magana tare, sun fi ƙarfin riƙe ta.

To, sai mu zo ga inda gizo yake saƙar. A ce yau an ba Yakasai lasisi, me za a ce da matan? Masu ba da tallafi daga waje suna zuwa da kalmar da aka fassara mana da "daidaiton jinsi", kuma in za mu faɗi gaskiya, kalmar nan ba ta da farin jini a cikin badala. Magidanci yana jin ta zai fassara ta da cewa za a raba shi da girmansa, malami kuma ya ji kamar za a taɓa ayoyin gado. Mun ga yadda Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin Sanata Biodun Olujimi a watan Maris na 2016, mun kuma ga yadda Majalisar Tarayya ta kayar da ƙudurorin mata biyar a Maris na 2022 wajen gyaran tsarin mulki. Tashar da za ta buɗe baki da wannan kalma a ranar farko, maigida zai murɗe ta kafin a gama kiɗan taken shiri.

Ra'ayina shi ne a fara da kalmar da kowa ya yarda da ita, wato haƙƙi, domin abin da ke cutar da matan unguwarmu a kullum yawancinsa tauye abin da shari'ar da muke tinƙaho da ita ta riga ta ba su ne. Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, kotunanmu kuma da fiƙihun Malikiyya suke hukunci, da Risala da Muhtasar da Tuhufa. Mai karatu ya gwada tambayar matan gidansu goma abin da waɗannan littattafai suka tanada, ya ji amsa. Nawa ne daga cikinsu suka san cewa sadaki mallakar amarya ne, ba na uba ko kawu ba? Nawa suka san cewa wadda aka yi wa sakin kome a ɗakinta za ta yi idda, ci da sha da wurin kwana duk a wuyan mijin, mai ciki kuma har sai ta haihu? A al'adarmu ana miƙa takarda sai a kira a-kori-kura, kafin la'asar an kwashe gado da kwalla. Nawa suka san cewa a mazhabar Malik uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a gidan miji, in kuma uwar ta yi wani aure riƙon kan koma wajen kakar yaran ta wajen uwa, alhali ciyarwa na kan uba? Mu kuwa da an yaye yaro sai a aiko a ɗauke shi, a ce ai ɗa na uba ne. Nawa suka san cewa matar da miji ke cutarwa, in ta tabbatar da cutar a gaban alƙali, ana iya raba auren ba tare da ta biya ko kwabo ba, kuma wannan daban yake da hul'i inda ita ce take fansar kanta? Ga kuma tumunin takaba, ɗaya bisa takwas in mamacin ya bar 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu in bai bari ba, wanda a gidaje da yawa yake narkewa cikin "gidan gado ba a raba shi", ƙannen miji su ci gaba da karɓar kuɗin hayar shaguna shekara da shekaru.

Na san wata baiwar Allah a lungunmu, sa'ar yayata, wadda aka raba da 'ya'yanta biyu ranar da aka sake ta, ƙaramar ba ta cika shekara uku ba. Ta yi shekara shida sai dai ta tsaya a bakin makarantar allo ta hango su. Wata rana a wajen suna wata malamar Islamiyya ta ji labarin, ta ce da ita, "Yaya, ai ke shari'a ta ba riƙon yaran nan, wa ya ce miki ba ki da iko?" Ta ce wallahi ita duk zatonta in ta nema ta saɓa wa Allah. Daga gidansu zuwa kotun Shahuci ba ta kai tafiyar minti ashirin a ƙafa ba. Abin da ya tsaya tsakaninta da 'ya'yanta shekara shida jimla ɗaya ce da ba wanda ya taɓa faɗa mata.

Kada kuma a ɗauka ina cewa da an ambaci fiƙihu shi ke nan an gama. Akwai wuraren da ake da saɓani na haƙiƙa tsakanin masu kiran daidaito da malamanmu: rabon gado, shekarun aure, ikon uba na aurar da budurwa, shugabancin mace. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda jinsi, kuma matan Yakasai 'yan Nijeriya ne, suna da haƙƙin sanin wannan kamar yadda suke da haƙƙin sanin hukuncin idda. Akwai kuma dokokin jiha da aka sa wa hannu ba a bi gida-gida an bayyana su ba, kamar dokar ilimi kyauta kuma dole ta 2020, da dokar kare yara ta 2023, da ta gwajin lafiya kafin aure ta 2024, wadda ta ba yarinya da iyayenta hujjar cewa sai an ga takardar asibiti kafin a shafa fatiha. Tasha ta gari ba za ta ɓoye saɓanin ba. Za ta zaunar da alƙali mai ritaya da lauya mace da malama da ungozoma, su yi ta a gaban masu sauraro cikin ladabi, mata su ji hujjar kowa da kunnensu. Raina hankali ne a ce sai an tace musu.

Masu cewa wannan baƙon abu ne da aka shigo mana da shi, ina ganin ba su waiwayi tarihinsu ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, ta ɗora musu malfa, ta tura su ƙauyuka da waƙoƙin karantarwa a ka domin matan da ba za su iya zuwa wurinta ba. In ba rediyon zamaninta ba, me za a kira 'Yan Taru? A nan Kano, Malam Isa Wali ya rubuta maƙaloli kan matsayin mata a Musulunci a jaridar Nigerian Citizen a 1956, ya sha suka a kai. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda dattijonmu Alhaji Tanko Yakasai yana cikin jiga-jiganta, ta nemi a ba mata ƙuri'a tun ana ganin haka a matsayin rashin kunya, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan gwagwarmaya, matan Arewa kuma ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓe ba sai a 1979. A watan Janairun 2009 Hajiya Altine Abdullahi ta shirya fito da zawarawa kan titi don kokawa da yawan saki, Hisba ta hana. A 2012 aka fara auren zawarawa na gwamnati, a 2023 aka aurar da mutum 1,800 da matansu a tashi ɗaya. A 2017, a taron cika shekara 50 da rasuwar Isa Wali, Sarki Muhammadu Sanusi II ya bayyana cewa ana shirya daftarin dokar iyali, gari ya ɗauka. A duk wannan muhawara ta shekaru kusan saba'in, maza ne suka fi yin magana a kan mata, a fada da majalisa da mumbari, matan da abin ya shafa kuwa suna tsakar gida suna jin ana ambatonsu.

Cewa rediyo na iya motsa su, an riga an gwada. A 2006 aka watsa wasan kwaikwayon nan Gugar Goge a Kano da Kaduna, labarin wata yarinya da aka aurar da ƙuruciya ta gamu da yoyon fitsari, masu shirin kuma sun bayar da rahoton cewa da yawa daga matan da suka je asibiti neman magani a lokacin sun ce a rediyo suka ji ana warkewa. Cibiyar Laure ta masu wannan lalura tana cikin Asibitin Murtala, haka ma cibiyar Waraka ta waɗanda aka yi wa fyaɗe, duka a bakin Ƙofar Mata, jifa ɗaya daga Yakasai. Amma na tabbata akwai matan da aka haifa a unguwar nan suka tsufa ba su taɓa jin sunan ko ɗaya ba.

Akwai haɗari, kuma wanda ya fi damuna ba shi ne wanda aka fi ambata ba. Ana maganar kuɗi da lasisi, da tsoron kada wani ɗan siyasa ya saya wa tashar janareta ya mayar da ita lasifikarsa, duk gaskiya ne. Ana tuna yadda aka rufe tashar Wazobia ta Kano a 2013 saboda wani shiri kan rigakafin shan inna da ta watsa a makon da 'yan bindiga suka kashe mata tara masu aikin rigakafin, wanda ya isa ya nuna cewa makirufo ba abin wasan yara ba ne. Doka kuma ta hana ba ƙungiyar addini ko jam'iyya lasisi, don haka ba za a rataya tashar a wuyan wani masallaci ko ɗarika ba. Amma babban haɗarin shi ne kusancin da muke yabo. A unguwa irin tamu kowa ya san muryar kowa. Matar da ta bugo waya ta ce mijinta ya yi wata biyu bai kawo cefane ba, kafin ta ajiye wayar kishiyar yayarta ta gane ta, kafin magariba maganar ta isa majalisar mijin. Abin da aka shirya don taimako sai ya zama tonon silili, wataƙila ma ya jawo mata takarda. Shi ya sa nake ganin a nan dole a bi hanyar Nijar da ɗan gyara: tambayoyi su bi ta hannun malaman Islamiyyun matan aure da ungozomomi da uwayen adashi, a tattaro su, a cire suna da duk wata alama, wata murya daban ta karanta. Lokacin shirin ma abin lura ne. Da hantsi rediyo na mace ne, da daddare na maigida, saboda haka abin da ake son maza su ji, irin su nauyin ciyarwa da ƙa'idar saki, a ajiye musu shi bayan isha'i, kuma daga bakin namiji ɗan'uwansu. A Damagaram an yi haka da makarantun magidanta da hukumar UNFPA ta tallafa, inda maza suke zama su tattauna zuwan matansu awo da haihuwa a asibiti.

Yakasai ba ta rasa mutane ba. Unguwa ce da ta fitar da alƙalai da likitoci da farfesoshi da manyan ma'aikata, waɗanda yawancinsu sun koma Nassarawa da Abuja, sai ɗaurin aure ko jana'iza ke dawo da su. Tana da al'adar aikin gayya da ƙungiyar zumunta. Ƙaramar tasha da za ta game Yakasai da Zango da Shahuci da Kankarofi da Tudun Wazirci ba ta buƙatar fiye da ɗaki biyu, da ƙaramin injin watsawa, da faifan sola, da 'yan mata huɗu ko biyar da aka horar a sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Bayero. Neman lasisi zai ɗau lokaci, kuma ba sai an jira shi ba. Ana iya farawa da sayen sa'a ɗaya a mako a ɗaya daga tashoshin da ke akwai, da sharaɗin kwamitin matan unguwa ne zai zaɓi batu da baƙi, a naɗi shirin a tura wa Islamiyyu ta WhatsApp don waɗanda suka rasa. Kuɗin sa'ar nan na shekara guda, in aka raba shi tsakanin 'yan bokon unguwar ashirin, bai kai abin da kowannenmu yake kashewa a dinar bikin 'yarsa ba. Shirin farko kuma na riga na san batun da zan roƙa a ɗauka: wa ke da riƙon yaro bayan saki, zuwa wace shekara, kuma wace ƙofa uwa za ta ƙwanƙwasa in an hana ta.